Ɓauren da Bai Biyo Mu Ba

Ranar Talata ce, da hantsi. Hadari ya haɗo tun safe ya tsaya cak, bai zubar da ruwa ba, bai kuma watse ba, zafi ya danne gari kamar an kifa masa murfi. A ranar wasu mutum uku suka zo da gwangwanin jan fenti da igiyar awo, suka ja layi a bangon gidanmu. Titi za a faɗaɗa. Layin ya bi ta kan ɗakin Yaya, ya ratsa tsakar gida, ya fita ta bayan banɗaki. Suka ce wata huɗu suka ba mu.

Gidan na haya ne, don haka ba mu da ta cewa. Abu ɗaya ne namu a cikinsa wanda ba ya ɗaukuwa, shi ne ɓauren tsakar gida.

Ba irin ɓauren daji ba ne da za ka ɓare ka tarar da ƙwari sun riga ka. Wannan ganyensa faɗi gare shi, da yatsu kamar tafin hannu, ga kaushi. In ya nuna bayansa ya yi duhu, cikinsa ja, zaƙinsa har maƙogwaro. Baba ne ya kawo shi shekarar da aka haife ni, daga gidan wani manajan kamfani da yake tuƙawa. Kowa a gidanmu ya san labarin: a aljihun riga ya zo da shi, a nannaɗe cikin jarida. Baba ya rasu shekara shida ke nan. Ni da itacen muna da shekara ashirin da biyu.

Da yamma Umma tana zaune a gindinsa tana tsinke zare daga wata tsohuwar riga, ta kira ni.

"Auta."

"Na'am, Umma."

"Ka san yadda za ka yi itacen nan ya biyo mu."

Yaya yana wanke hannu a bakin famfo, ya dawo daga wurin walda, idonsa ja. Ya kwashe da dariya har ya jiƙa wando. Shi Manaja yake ce mini in zai tsokane ni.

"Umma, Manaja za ki ba amana? Mutumin da ya bar makaranta a aji uku wai benci na sa shi ciwon baya? Faci wata biyu, ɗinki kwana goma sha ɗaya, gyaran waya sai da ya ƙona ta mutane..."

"Ɗaya ce na ƙona."

"Ai ɗaya aka ba ka."

Umma ba ta yi dariya ba. Ta ce, "Kai ba ka da lokaci. Shi yana da shi."

Gaskiyar Yaya ce, ban musa ba. Ba ƙyuya ce ke damuna ba. In na fara abu, sati biyun farko na fi kowa zafi, daga nan sai in ji ƙafata tana ƙaiƙayi, bangon wurin yana matso ni. A lokacin wankin mota nake yi a bakin babban titi, wata na uku, kuma ƙaiƙayin ya fara.

Ban tambayi kowa ba, don ban ga abin tambaya ba. Me zai shiga aljihun riga a cikin jarida in ba iri ba? Na tsinko nunannu guda tara na ɓare. Kowanne cike yake da ƙwayoyi ƙanana kamar riɗi, sun fi ƙarfin ƙirge. Nan take kaina ya tafi nesa. Umma ɗaya take so. Sauran fa? Duk unguwa babu mai irin ɓauren nan. Na ga kaina a bakin titi da layin ledoji, masu manyan motoci suna tsayawa suna sauke gilashi.

Na murje su a rariya, na zuba a kofin ruwa don zaƙin ya fita. Ƙwayoyin duk suka taso sama, suka kwanta a kan ruwan. Na ji daɗi, don kwashewa ta zo da sauƙi, cokali ɗaya kawai na sa. Na shanya su a kan murfin tukunya cikin inuwa. Rabi na shuka, rabi na zuba a kwalin ashana na ajiye a aljihun jaka.

Bahon wankin Umma guda biyu na huda da ƙusa. Ta tsaya tana kallona ina bugawa. Ƙasa kuwa daga gindin itacen na kankaro, ta sama-sama, baƙa mai laushi, inda tsuntsaye ke wuni suna zubar da kashi, jemagu su karɓe su da magariba. A ganina ɗa zai fi son ƙasar uwarsa. Na gauraya da yashi kaɗan, na barbaɗa irin, na yayyafa ruwa da hannu, na rufe da farar leda.

Sati biyu babu komai. Kullum da safe Yaya zai ɗaga ledar da ɗan yatsa, ya leƙa, ya ce, "Manaja, ma'aikatanka har yau yajin aiki suke?"

Rana ta goma sha tara na ga wani abu kore, bai kai kan allura ba. Na kwanta rub da ciki a kan siminti don in tabbata. Washegari sun zama bakwai. Kafin sati ya zagayo na ƙirga sittin da uku, kowanne da ganye biyu 'yan mitsi-mitsi. Na kira Umma, ta durƙusa da ƙyar tana riƙe da gwiwa, ta daɗe tana dubawa.

"Allah ya raya," ta ce.

Daga nan wahala ta fara. Ashe tsiro ya fi jariri rigima. Rana ta yi yawa su lanƙwashe, inuwa ta yi yawa su yi tsawo su faɗi. Rana tana shigowa tsakar gidanmu daga sha ɗaya zuwa uku, don haka kullum sai na bar mota da kumfa a jiki na ruga gida na ja bahunan zuwa gindin bango, da la'asar in dawo da su. Da famfo ya ɗauke kwana huɗu, na ɗebo ruwa a jarka daga wurin aiki. Ban san jarkar ta taɓa cin sabulu ba. Da safe baho ɗaya ya kwanta gaba ɗaya, kamar an bi shi da dutsen guga. Ashirin da biyu suka tafi. Wasu goma kuma suka ruɓe daga gindi ba tare da na san laifina ba, yau suna tsaye, gobe ƙafarsu ta yi baƙi ta tsinke.

Ogan wurin wankin ya yi mini magana sau biyu. Na uku wani mai baƙar mota ya dawo ya tarar da sabulu ya bushe a kan gilashinsa, ni kuma babu ni. Da na dawo ina haki, Oga ya karɓi soson daga hannuna.

"Je ka ka yi renonka," ya ce. "In sun girma ka turo su, wataƙila su sun fi ka zama wuri ɗaya."

Karo na farko ke nan da aka kore ni. Sauran duk ni na tafi da ƙafata. Abin mamaki ban ji komai ba, sai ma na ji sauƙi, don yanzu babu gudun sha ɗaya.

Da suka kai tsawon ɗan yatsa, baho ya yi musu kaɗan. Akwai wani tsoho mai sayar da furanni da dashe a ƙarƙashin gada, kowa Baba mai furanni yake ce masa. Wurinsa na je sayen baƙaƙen ledoji. Yana zaune a kan bokitin da ya kife, yana yanka wasu sanduna da 'yar wuƙa yana cusawa a ƙasa.

"Me za a dasa, samari?"

Na dubi layin ledojinsa, na dubi motocin da ke tsayawa. Na ce a raina, in na faɗa masa, gobe zai aiko a saci ɓauren, ya riga ni kasuwa.

"Barkono," na ce.

"Barkono a wannan babbar ledar?"

"Babban barkono ne."

Ya dube ni ta saman tabarau, ya miƙo ledojin. "To, Allah ya ba da yaji."

Talatin da ɗaya na dasa. Na jera su a gindin bango, layi uku. Suka kama, suka fara sabon ganye. Ganyen dai bai yi kama da na uwar ba. Santsi gare shi, yana sheƙi, dogo kamar harshe, babu yatsu babu kaushi. Amma in ka tsinke shi farin ruwa yana fitowa kamar madara, daidai da na babban. Wannan ya kwantar mini da hankali. Wata safiya na ga Umma ta tsaya da tsintsiya a hannu, ta kama ganye ɗaya tana murzawa tsakanin yatsu.

"Na yara haka yake," na ce mata. "Sai sun girma suke fitar da yatsu."

"Haka ne?"

"Haka ne mana. Ni da aka haife ni da gemu na zo?"

Ta yi ɗan murmushi, ta ci gaba da shara.

Mun tashi sati biyu kafin wa'adi. Yaya ya samo mana ɗaki biyu a bene, saman wani shagon katifa. Babu tsakar gida, sai baranda mai faɗin tabarma, da wani ɗan fili a baya kusa da tankin ruwa, inda mai gidan ya ce za mu iya dasa itace ɗaya in ba zai taɓa masa bango ba. Ranar kwasar kaya ledojina suka cinye rabin motar. Sai da aka bar bencin Yaya da tsohuwar randa.

"Benci na shekara goma," in ji Yaya, "na bar shi saboda ciyawa."

"Ka ƙera wani, ba kai ne mai walda ba?"

"In na ƙera, ba za ka zauna a kai ba. Ai ciwon baya yake sa ka."

Umma ce ta fito ƙarshe. Ta tsinke 'ya'yan da hannunta ya kai, ta ɗaure a gefen mayafi. Ta dafa itacen kamar yadda ake dafa kafaɗar mutum. Ni kuwa na karya wani ɗan reshe na kankare taɓon takalmina, na jefar, na hau mota.

Sabon wuri hawa ashirin da biyu ne, kuma ruwa a ƙasa yake. Jarka huɗu kullum. Barandar ta cika har babu wurin shanya, Umma tana rataye wanki a ƙofar ɗaki. Matar mai katifa ta fara ƙorafi ruwan laka na ɗiga mata a kan kaya. Bayan sati uku da 'yan kwanaki na ga lokacin kasuwa ya yi. Na ware mafi kyau don Umma, na ɗauki uku a kwali na nufi ƙarƙashin gada.

"A'a, mai babban barkono," in ji tsohon. "Ya yi yaji?"

"Baba, ba barkono ba ne. Ɓaure ne, mai zaƙi, irin na gidan manya. Ba ka da irinsa a nan."

Ya ɗauki ɗaya, ya juya shi, ya shafa ganyen. Bai ɗauki lokaci ba.

"Wannan ceɗiya ce."

"Ɓaure ne. Da hannuna na shuka."

"Wannan ma ceɗiya. Wannan kuma durumi. Ina ka samo ƙasa?"

Na faɗa masa.

"Tsuntsaye na sauka a wurin?"

Na gyaɗa kai.

"To su suka yi maka shuka. Su ci a wani wuri, su zo su sauke a naka. Kai dai ka yi musu ban ruwa."

"Amma yana fitar da madara."

"Duk danginsu suna fitarwa. Kana da sauran irin?"

Kwalin ashanar yana cikin jaka, na miƙa masa. Ya ɗauko kofin da yake shan ruwa, ya zazzage su ciki. Suka kwanta a sama, ko ɗaya bai nutse ba. Ya lakato ɗaya, ya danne a kan farcensa. Ta fashe, babu komai a ciki.

"Fanko ne. Mai rai nutsewa yake. Irin wannan ɓauren a wurinmu haka yake, ya yi 'ya'ya masu zaƙi, ƙwayar kuwa hoto ce. Ko da a ce ta tsiro, sai ka yi shekaru kana jira, ƙarshe ya ba ka abin da akuya za ta ƙi. Reshe ake yanka." Ya nuna mini sandunan da ke gabansa. "Kamar haka. Sati uku ya yi saiwa."

"Amma babanmu a aljihu ya zo da shi. A jarida."

Ya zaro biro daga aljihun rigarsa, ya ajiye kusa da sanda ɗaya. Tsawonsu ɗaya.

"Ina uwar take?" ya ce. "Je ka yanko goma, in nuna maka. Ba sai ka biya ni ba."

Ban ɗauki kwalin ba. Gudu na yi, tun daga gada har tsohuwar unguwa, ban tsaya neman mota ba.

Ban gane layinmu ba. Babu bango, babu famfo, sai jar ƙasa shimfiɗe da sawun katafila. Da tankin gidan maƙwabta na auna inda tsakar gidanmu take. Ko kututture babu. Wani lebura da ke zuba tsakuwa ya ce kwana goma ke nan da aka sare shi da inji, katafila ta tumɓuke gindin. Itacen kuma wata mai sayar da itacen girki ta kwashe a kura.

Na same ta a bayan kasuwa, tsakanin tulin itace. Ta gane wanda nake nufi.

"Wannan marar kirkin? Hayaƙi kawai, ba ya ci. Manyan na faskara, sun tafi. Duba can, ƙila akwai ƙananan."

Na yi awa biyu ina tona tulin, ƙaya na yanka mini hannu. Kwana goma a rana. Yawanci ina lanƙwasawa suke karyewa, ƙas. Na samu bakwai da na kankara da farce na ga kamar akwai ɗan kore-kore a ƙarƙashin ɓawon. Matar ta ce in tafi da su, ta kuma tambaya ko lafiyata ƙalau.

Baba mai furanni ya duba su ɗaya bayan ɗaya, ya taɓe baki. Ya ce in jiƙa su kwana ɗaya, in cusa a yashi mai danshi, in rufe da leda, in kuma daina sa rai. Na tambaye shi ko ya san wani gida mai irinsa. Ya ce ya taɓa gani wuri biyu, ɗaya an yi bene a kai, ɗayan bai tuna ba. Gidan manajan da Baba ya tuƙa kuwa, ni ban ma san a wane gari yake ba.

Da na hau bene, la'asar ta yi sanyi. Umma tana baranda, tana ba wanda na ware mata ruwa da kofi. Na ajiye sandunan a ƙasa, na zauna a bakin ƙofa. Na faɗa mata duka, ban rage ba, har da barkonon.

Ba ta firgita ba. Ta ƙarasa zuba ruwan, ta kife kofin.

"Na gani," ta ce.

"Kin ga me?"

"Shekara ashirin da biyu ina share ganyen nan, Auta. Na san sabonsa, na san tsohonsa. Ko ɗan toho ne kaushi gare shi."

"Tun yaushe?"

"Tun muna can. Ranar da ka ce mini ba da gemu ka zo ba."

Na lissafa. Wata guda da rabi kafin a sare shi. Itacen yana tsaye a bayanmu a ranar, da rassa sun fi ɗari.

"Umma, me ya sa ba ki yi magana ba?"

Ta zauna a kan jarka, ta miƙe ƙafa tana matsa gwiwa.

"Na ce ƙila kai ne da gaskiya, ni ban yi karatu ba. Kuma..." Ta dubi ledojin. "Kana tashi tun kafin in tashe ka. Ban taɓa ganin ka yi wata biyu a kan abu ɗaya ba ka fara kallon ƙofa ba. Na ce in na yi magana yau, gobe zai watsar ya tafi. Bari in bar shi kwana biyu. Kullum sai in ce gobe."

"Da kin faɗa, da na tambaya."

"Da ka tambaya ɗin tun farko, ai da ban sha wahalar yin shiru ba."

Babu wanda ya ɗaga murya. Ba mu da ƙarfin faɗa. Can ta ce, kamar da kanta take magana, "Jaridar a jiƙe take. Na tuna na yi masa faɗa ta ɓata masa riga. Ban taɓa tunanin dalili ba."

Yaya ya shigo ya same mu a haka. Ya dubi sandunan, ya dubi hannuna, ya buɗe baki zai ce Manaja. Umma ta ɗaga masa ido. Ya shige ɗaki. Washegari ya dawo da wani ɗan akwatin ƙarfe da ya haɗa da ragowar rodi, don ledar ta tsaya ba ta taɓa sandunan ba. Ya ajiye a baranda.

Na yi yadda tsohon ya ce. Kullum ina ɗaga ledar. A sati na biyu ɗaya ta kumbura a ido, ta fitar da wani abu kore kamar ƙwayar shinkafa. Ban faɗa wa Umma ba, amma na ga tana zagayawa wurin in ta ɗauka ba na kallo. Kwana biyar ya yi, ya yi baƙi, ya faɗi. Da na zaro sandar babu saiwa ko ɗaya, gindinta ya yi laushi yana wari. Sauran shidan ko motsi ba su yi ba. Na ƙara musu sati uku don kada a ce na yi gaggawa, sannan na zubar da yashin.

Mai gidan ya ji labarin ceɗiya ce, ya ce ko a mafarki kada a dasa masa ita kusa da tanki, saiwarta fasa siminti take. Na sauke ledojin, biyu-biyu, na kai wa Baba mai furanni a baro. Ya ce masu neman inuwa za su ɗauka. Umma ta mayar da igiyar shanyarta baranda.

Baho biyu. Bencin Yaya da randa. Aikin wankin mota. Wata shida da 'yan kwanaki. Tsiro talatin da biyu da suka mutu, da talatin da ɗaya da suka rayu ba namu ba. Sanda bakwai. Ɓaure ɗaya.